Harabar da Ba a Son Ka Fita

Shekaru kaɗan da suka wuce, wani abokina da muka yi jami'a tare, shi a sashen kwamfuta ni a sashen aikin jarida, ya kira ni ta bidiyo daga wurin aikinsa a jihar Kalifoniya. Ya ɗaga wayar yana zagayawa da ni: ga ɗakin cin abinci inda ba a biyan ko sisi, ga wurin motsa jiki, ga mai aski, ga lambu da kujeru a inuwa. Ni kuwa ina ɗakin labarai, fanka ta tsaya, ana jiran a ta da janareta. Ba zan ɓoye ba, sai da na ji ƙyashi.

Da na tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi daga aiki, dariya ya yi. Ya ce babu mai tsare shi, sai dai abincin dare ba ya fitowa sai rana ta faɗi, kuma wa zai bar dafaffe ya koma gida ya hura wuta? Wannan amsar ce ta sa na fara karanta tarihin irin waɗannan gine-gine.

Tunanin ya girmi intanet. A cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey, inda aka ƙirƙiro tiransisto a 1947, an yi dogayen barandu ta yadda masanin lissafi ba zai kai ɗakin cin abinci ba sai ya yi kiciɓis da injiniya. Steve Jobs ya ɗauki wannan darasi lokacin gina hedikwatar Pixar: ya tattara wurin cin abinci da akwatunan wasiƙu a babban zaure guda a tsakiya, har banɗakuna ya so a takaita su can, don dole kowa ya ga kowa. Imaninsu shi ne, sabuwar dabara ta fi fitowa daga hirar tsaye fiye da taron da aka shirya. A nan ina tare da su, domin mafi yawan labaran da na taɓa samu a bakin mai shayi suka faro.

Google ne ya ƙara wa abin gishiri. Tun 1999, yana ƙaramin kamfani, ya ɗauki kuku na musamman, Charlie Ayers. Daga nan abinci kyauta ya zama al'ada a kwarin Silicon, sai wanki, sai motocin bas masu intanet da ke kwaso ma'aikata daga San Francisco, ta yadda aiki ke farawa tun kan hanya. Apple kuwa ya kai abin ƙololuwa. A watan Yunin 2011, wata huɗu kafin rasuwarsa, Jobs ya tsaya gaban majalisar garin Cupertino yana bayyana wani gini mai siffar zobe. Norman Foster ya zana shi, aka buɗe a 2017, yana ɗaukar ma'aikata kimanin 12,000, da gonar itatuwa a tsakiya. Zobe dai ba shi da fuskar da ke kallon titi. Cikinsa yake kallo.

Maƙwabta su ne suka fara jin jiki. Ma'aikaci dubu goma da ba ya sayen abincin rana a waje, ai ciniki ne ya mutu ga masu gidajen abinci. Shi ya sa garin Mountain View ya gindaya sharaɗin hana ciyarwa kyauta gaba ɗaya a wani rukunin ofisoshi da Facebook ya kama haya. A ƙarshen 2013 kuma mazauna San Francisco suka fara tare motocin bas ɗin nan, suna kukan tsadar haya. Sannan a cikin harabar ma ba kowa ne ɗan gida ba: masu girki, masu shara da masu gadi galibi 'yan kwangila ne, har launin katin shaidarsu daban.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunan da suka zaɓa wa wurin, sunan harabar jami'a. Ɗalibi ba ya lissafin awannin da ya yi a makaranta, domin nan ne abokansa, nan ne cimarsa. Idan ma'aikaci ya fara kallon ofis haka, ya daina ganin iyakar da ke tsakanin lokacinsa da na mai biyansa. Sai dai jami'a tana yaye mutum da biki. A watan Nuwamban 2022 Meta ya sallami ma'aikata 11,000, a Janairun 2023 Google ya sallami 12,000.

Guguwar ta haɗa da abokina, a kamfanin da ba zan ambata ba. Da asuba ya ga saƙon imel, kafin hantsi katinsa ya daina buɗe ƙofa. Takardar izinin zamansa ta ba shi kwana 60 ya sami wani aikin ko ya tattara. Da muka yi waya a makon, ya ce mini shekara biyar yana garin, amma a ranar ne ya fara tambayar inda ake aski a unguwarsu.