Tsakanin Kemis da Asibiti

A Unguwar Sanusi, idan magidanci ya dafe ƙirji yana gumi, magana biyu ake fara yi: ko a ce olsa ce ta tashi, ko a ce a ƙara masa ruwa. Kemis yana bakin layi, zuwa asibiti kuwa sai an yi shawara. A cikin shawarar nan rana ke faɗuwa.

Haka ta faru da kawuna, tela ne mai shekara 54 da ya daɗe da hawan jini. Ciwon ya kama shi bayan la'asar, sai bayan isha'i aka sa shi a Keke Napep. Hannunsa da na riƙe ya yi sanyi ƙalau, yana kirana da sunan yayana. A asibiti awon jininsa na sama bai kai 90 ba. Kafin asuba ya cika. Allah ya jiƙansa.

Likitan da ya duba shi ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Gudan jini ne ya toshe jijiyar da ke shayar da tsokar zuciya. Kowace sa'a wani ɓangaren tsokar yana mutuwa, har zuciya ta durƙushe, ta kasa tura jini zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda. A wannan hali ƙarin ruwa barkatai yana iya taruwa a huhu ya shaƙe mara lafiya. Ko a Turai da Amurka, kusan rabin waɗanda suka kai wannan mataki ba sa tashi.

Amma akwai abin yi. Binciken da Dakta Judith Hochman ta jagoranta, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa buɗe jijiyar da gaggawa yana ƙara yawan masu rayuwa bayan wata shida. Likitocin zuciya suna son a buɗe ta cikin minti 90 da isowar mara lafiya.

Na'urar wannan aiki tana da tsada, samar da ita nauyin gwamnati ne. Namu nauyin bai kai haka ba. Ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an ɗora masa dutse, da gumi, da raɗaɗin da ke sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, a wuce da shi asibitin da ke da awon ECG nan take. Ajali na Allah ne, amma Shi ya umarce mu da neman magani, kuma wannan maganin yana da lokaci.