Ƙofar Ruwa: Inda Ake Yanko Gilashin Akwatin Kifi

A Kano kowace haja da kasuwarta. Atamfa da shadda sai Kantin Kwari, hatsi sai Dawanau, kayan masarufi sai Singa. Kayan gini kuwa, tun daga rodi da kwanon rufi har ƙusa da fenti, Ƙofar Ruwa ake dosa, a ƙaramar hukumar Dala. Kasuwar ta ci sunan ɗaya daga cikin tsoffin ƙofofin ganuwar birni. Ɗalibin da ke son akwatin kifi na gilashi, ko don kulob ɗin kimiyya ko don ƙawata ɗakinsa, can ya kamata ya nufa, domin haɗaɗɗe na kanti kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun ɗan makaranta.

Wata Asabar na raka ƙanena da abokansa biyu, 'yan aji biyar na sakandare, waɗanda suka yi karo-karo don aikin da za su nuna a makaranta. Kuɗin ba su da yawa, idan gilashin ya lalace babu na sayen wani. Muna sauka daga adaidaita sahu ƙarar ƙarafa ta tarbe mu, masu tura kura suna ta neman hanya. Idan ka tambayi shagon akwatin kifi, kallo kawai za a bi ka da shi. Ka ce masu aikin tagogin alminiyom kake nema, nan take za a nuna maka, don su ne ke yanka gilashi kullum.

Shagon da muka shiga na wani dattijo ne. Fallayen gilashi na jingine da bango, gefensu kore shar saboda ɗan ƙarfen da ke cikin yashin da aka narka aka yi su. A tsakiya akwai faffaɗan tebur da aka lulluɓe da tsohon kafet. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, gilashin akwatin kifi muke so." Abin da ya fara tambaya shi ne tsayin da ruwan zai kai, domin iya zurfin ruwa iya ƙarfin da yake tura bangon gilashi.

Ga lissafin. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30 yana cin lita 54. Kowace lita nauyinta kilo ɗaya ne, ke nan kilo 54, ya ɗara buhun siminti, ban da tsakuwa da yashi. Siririn gilashin firam ɗin hoto ba zai ɗauki wannan ba. Mai kaurin milimita 6 muka zaɓa. Falle biyar ake bukata: na ƙasa, na gaba, na baya da na gefe biyu. Idan bangwayen a kan na ƙasa za su zauna, sai a rage kauri biyu daga faɗin na gefe, wato ya koma santimita 28.8. Ku rubuto awonku a takarda tun daga gida, ku kuma faɗi ko santimita ne ko inci, don yawancin masu sana'ar da inci da ƙafa suka saba.

Yankan kansa abin kallo ne. Baba ya ɗora rula, ya tsoma bakin abin yankan a kananzir, ya ja layi sau ɗaya tak, ya danna, gilashi ya rabu ɓas. Ɗan ƙaramin wilin da ke bakin abin karce kawai yake yi, tsagewar ce ke bin layin. Akwai kuma gilashin da ba ya yankuwa, wato gasasshe, irin na tagar gefen mota. Idan aka yi ƙoƙarin yanka shi sai ya tarwatse kamar tsakuwa.

Kada ku bar shagon sai an goge muku gefuna da dutse ko samfefa, don sabon yanka ya fi reza kaifi. Ku tambaya ko akwai guntaye, sau da yawa sun fi sauƙi. Ku sa kwali tsakanin fallayen, ku riƙe su a tsaye a cikin abin hawa. Wajen sayen silikon ku karanta jikin kwalbar, wanda aka sa wa maganin funfuna na banɗaki yana kashe kifi.

Bayan kun haɗa, ku ba shi aƙalla kwana biyu ya bushe, sannan ku cika shi a tsakar gida ku ga ko yana yoyo. Ruwan famfo a bar shi ya kwana kafin a zuba kifi, saboda sinadarin kulorin. Ku fara da ƙananan kifayen ado guda huɗu ko biyar. Tarwaɗa kam a bar ta a kududdufi, cikin 'yan watanni za ta fi ƙarfin akwatin. Wanda garinsu ya yi nisa da Kano ya leƙa shagon mai tagogin alminiyom na unguwarsu da takardar awonsa a hannu.