Awon Kamu da Awon Yadi a Cikin Aikin Kwamfuta

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin wata kunya da na sha, ko wani ya tsira daga irinta.

A shekarar 1992 ina koyarwa, akwai wani almajirina mai hazaƙa wanda hannunsa ya shanye, ba ya iya buga haruffa. Sai na rubuta masa wani ɗan tsari domin ya riƙa zaɓen harafi da sandar wasa, watau sandan nan da ake karkatawa dama da hagu. Kwamfutarmu tsohuwa ce, irin ƙirar IBM ta 1981, mai bugu miliyan 4.77 a sakan.

To, ga yadda abin yake. Sandar ba ta gaya wa kwamfuta inda take. Sai dai kwamfuta ta taɓa ta, wata 'yar ma'ajiyar lantarki ta fara cika, tsawon lokacin cikar kuwa shi ke nuna inda aka karkata sandar. Mafi tsawonsa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba sai da kaɗan. Ni kuwa maimakon in auna wannan lokaci da agogo, sai na sa kwamfuta ta yi ta ƙirga, ɗaya, biyu, uku, har ma'ajiyar ta cika. Ƙirgen bai taɓa kai 200 ba, don haka na tanadar masa gurbin da ba ya ɗaukar fiye da 255.

Da aka sauya wa yaron makaranta, na bi shi da tsarin nan ina taƙama. Ashe kwamfutarsu sabuwa ce mai sauri ƙwarai. Kafin ma'ajiyar ta cika ta ƙirga fiye da 255, gurbin ya cika ya koma sifili. Yaro ya karkata dama, alama ta yi tsalle hagu. Ya zaci hannunsa ne ya ƙara lalacewa, ya fashe da kuka a gaban jama'a. Wallahi ban manta ranar nan ba.

Laifin nawa ne. Na yi kamar mai auna alawayyo da kamu, alhali kamun dogo dabam, na gajere dabam. Yadi kuwa yana nan cikin kowace irin wannan kwamfuta, wani agogo mai bugu 1,193,182 a sakan, ko tsohuwa ce ko sabuwa. Da na koma aunawa da shi, na kuma sa tsarin ya fara da roƙon mai aiki ya kai sandar iyakarta ta kowane gefe, domin sanduna ma ba ɗaya suke ba, sai aiki ya daidaita. Yaron ya rubuta sunansa a wannan mako.

Tun da USB ta fito a 1996 sanduna suka koma aiko da lambarsu da kansu, wannan wahala ta kau. Amma darasin bai tsufa ba. Duk wanda zai rubuta tsari, kada ya dogara ga saurin na'urar da ke gabansa, gama ba a kanta aikinsa zai ƙare ba. Ya gwada a kan wata tukuna, kafin ya miƙa wa wanda ya amince da shi.

Iyakar abin da ke gare ni ke nan. Wasalam.

Ni ne naka,
Wani tsohon malamin makaranta