Shirun da ya kusa kashe mini aure

Na yi aure a ƙarshen shekarar 2017, bayan an gama kaka, ina da shekara 29. Malamin firamare ne ni a Rogo Sabon Gari, ina kuma taɓa noman rake da masara a gonar gado. Yarinyar da na aura, ni na gan ta na ce ina so, ita ma ta amsa, babu wanda aka yi wa dole. Amma watanni takwas na farkon aurenmu su ne mafi ɗaci a rayuwarta, kuma ni ne sanadi. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, domin magana ce da namiji a ƙasar Hausa ya gwammace a binne shi da ita.

Tun kafin a ɗaura aure abokai suka cika mini kunne a majalisa. Wannan ya ce mace ba ta yafe wa ragon namiji, wancan ya ce daren farko shi ne ke nuna ko za ta girmama ka ko za ta raina ka har abada. Kowa na ba da labarin bajintarsa, ni kuma ina dariya tare da su, cikina na ƙugi. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko gaskiya suke faɗa ba.

Ranar da aka kawo amarya, abokai suka raka ni, aka sayi baki, aka yi addu'a, kowa ya watse. Na shiga ɗakin kamar ɗalibin da zai zauna jarrabawar da bai karanta ba. Tafin hannuna ya jiƙe, zuciyata na bugawa har a kunnena, jikina kuwa ya ƙi amsawa. Ita baiwar Allah ga gajiyar biki ga kunya, barci ya ɗauke ta. Ni kuwa idona biyu har aka kira assalatu, ina ta maimaita wa kaina cewa na kunyata.

Da a ce na bar abin a matsayin gajiyar dare ɗaya, da ya wuce. Sai na ɗauke shi na ɗora a kai. Dare na biyu na shiga da tsoron daren farko, dare na uku da tsoron na biyu. Daga nan sai na fara gudu. In zauna a teburin mai shayi har sha biyun dare, sai na tabbatar ta yi barci sannan in lallaɓa in shigo. In kwaso littattafan yara in ce ina da aikin dubawa. Idan ta yi kwalliya ta turara ɗaki, sai in nemi abin faɗa, in ce gishiri ya yi yawa a miya, ko in ce ba ta share tsakar gida da kyau ba. Na fi son ta kwanta tana fushi da ni a kan ta matso kusa.

A ɓoye kuma na shiga neman magani. Ranar kasuwa in tsaya nesa da motar masu maganin gargajiya ina sauraron lasifika, sai mutane sun ragu in matsa. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce sanyi ne. Na sha jiƙo, na sha gagai, na barbaɗa burantashi a tsire. Wani mutum da aka kai ni wurinsa a wani ƙauye ta wajen iyakar Katsina ya buga ƙasa ya ce ɗaure ni aka yi. Maganarsa ta yi mini daɗi, domin ta sauke laifin daga kaina ta ɗora wa wani. Na fara zargin wani da ya taɓa neman matata, har ita kanta na fara yi mata kallon tuhuma. Wani aboki ya miƙo mini Tramadol, na sha, na wuni kaina na juyawa a gaban allo. Buhun masara biyu suka tafi a wannan yawon, ban tsira da komai ba sai ciwon kai da faɗuwar gaba.

Wata rana da damina hadari ya taso, aka tashi yara da wuri, na dawo gida lokacin da ba ta zata ba. Na same ta zaune a kan tabarma, ta jera robobi da ƙullin leda a gabanta, tsumi ne da gumba da garin da ban san sunansa ba. Ta yi sauri za ta rufe su da zane. A lokacin ne na lura kunnenta babu ɗan kunnen da na sa mata a lefe. Na tambaye ta ina yake. Ta sunkuyar da kai, ta ce ta sayar ta sayi waɗannan. Sai hawaye, ta ce: "Yaya, na ɗauka ƙyamata kake yi. Na ce ko ni ce ban kai mace ba."

Na tsaya a bakin ƙofa, ruwa na dukan bayana, na kasa shiga, na kasa fita. Wata takwas ina ganin ni kaɗai nake cikin wuta, ashe a ɗaki ɗaya da ni akwai wadda take ƙonewa, kuma ni na hura mata. Ina sayar da masara don in gyara kaina, tana sayar da ɗan kunne don ta gyara kanta, gado ɗaya muke kwana amma babu wanda ya san halin da ɗan'uwansa yake ciki. A ranar na gane cewa abin da nake kira kunya girman kai ne. Na zaɓi ta zargi kanta, ta rame, ta yi kuka a ɓoye, don kada in buɗe baki in ce ina jin tsoro. Na zauna kusa da ita a tabarmar nan na faɗa mata komai. Abin da ta ce kawai shi ne: "Shi ke nan abin? Da ka faɗa mini tun farko."

Washegari na je wurin kawuna, dattijo mai karatun zaure. Bai yi mini dariya ba. Ya ce: "Ɗan nan, ka zaci a kanka aka fara?" Ya tuna mini cewa Risala, wadda muke karantawa tun muna yara, ta yi maganar mijin da ya kasa kusantar iyalinsa, kuma shekara guda cur alƙali ke ba shi ya nemi magani. Ya ce malamai sun tattauna wannan a fili fiye da shekara dubu, ni ne na mai da shi abin ɓoyo. Sannan ya ce in bar masu lasifika in tafi asibiti.

Na tafi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Likita ya sa aka auna mini jini da suga, domin hawan jini da ciwon suga suna cikin manyan abubuwan da ke kawo wannan matsala, kuma wani lokaci ita ce alamarsu ta farko. Nawa suka fito lafiya. Ya tambaye ni ko jikina na motsawa da asuba idan na farka, na ce yana yi. Ya ce to jijiyoyina ƙalau suke. Ya bayyana mini cewa idan mutum ya tsorata, jiki na sakin wani sinadari da ke matse hanyoyin jini, ya shirya mutum don gudu ko faɗa, alhali kusantar iyali sai hanyoyin jinin sun saki. Ya ce tun a 1970 wasu masu bincike biyu a Amurka, William Masters da Virginia Johnson, suka bayyana yadda namiji ke koma ɗan kallon kansa, yana sa wa jikinsa ido maimakon ya kasance tare da matarsa. Ya kuma gargaɗe ni cewa ana samun magungunan kwalba da aka cusa wa sinadarin Viagra a ɓoye, wanda ke iya kayar da jinin mai shan wasu magungunan zuciya har ya halaka.

Bai rubuta mini ƙwaya ko ɗaya ba. Ya ce mu yi makonni ba tare da mun sa wa kanmu dole a kan komai ba, mu yi hira, mu ci abinci a kwano ɗaya, mu saba da juna. Na daina zaman mai shayi. Bayan isha'i sai mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in fere mata rake, ta ba ni labarin ƙuruciyarta. A nan na fara sanin matar da na aura. Abin da na yi wata takwas ina nema a kasuwa da ƙauyuka, da tsoro ya tafi sai ya zo da kansa. Yanzu 'ya'yanmu uku, na kuma mayar mata da ɗan kunnenta, ko da yake har yau idan na gan shi a kunnenta sai na tuna abin da na sa ta a ciki.

A 2024 gwamnatin Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, ana duba ƙanjamau da ciwon hanta da ƙwayoyin halittar jini saboda sikila. Abu ne mai kyau. Sai dai babu gwajin da ke nuna fargabar da ango ke shiga ɗaki da ita, wannan aikin iyaye ne da malamai da abokan kirki. Masu cika baki a majalisa su ji tsoron Allah, domin maganar da suke yi don raha tana rusa gidaje.

Kai kuma ɗan'uwa da kake karanta wannan kana ganin kanka a ciki, kada ka kai wata takwas kamar ni. Idan ciwo ne, asibiti na nan, kuma yana da magani. Idan tsoro ne, wadda za ta taya ka korar sa tana cikin ɗakinka, wataƙila a daren nan tana kuka tana zargin kanta. Ka koma gida da wuri yau, ka zauna kusa da ita, ka faɗa mata gaskiya.