Yinin da na kai baƙuwata bakin “tekunmu”

Wannan karo ba lissafin asusu na zo da shi ba, labarin yawo ne, amma ku yi haƙuri ku ji shi har ƙarshe, don akwai maganarmu a ciki.

Ina da ƙawa wadda munka yi tallar hura tare tun muna ƴan mata. Aure ya kai ta Kwatano, ƙasar Benin, yau shekara 22 ke nan, tana saida atamfa a kasuwar Dantokpa. Cikin watan Janairu ta zo gaida tsohuwarta. Ta sha hanya, don tun 2023 iyaka take rufe, sai da ta ƙetare kogi cikin jirgin ruwa daga Malanbil zuwa Gaya, ta biyo Doso da Yamai, sannan ta kamo hanyar Filinge.

Kwana uku tana ba mu labarin teku. Wai ruwa ne wanda ido ba ya ganin ƙarshenshi, ran Lahadi mutane su fita bakinshi su sha iska. Daga nan ta dube ni ta ce, “Ƙawa, ku nan mi kuke kallo in ba rairayi ba?” Maganar ta sosa ni. Na ce mata ta shirya, Lahadi mai zuwa ni ma zan kai ta bakin namu.

Da asuba munka hau amalanken jaki daga gefen Cikal, ɗana yana kora, kowa ta dunƙule cikin zane saboda ɗari. Munka nufi jan dutsen nan da ya yi wa Dallol Boso katanga. Hawan bai zo mata da sauƙi ba, zaman birni ya sa ta yi jiki, sau biyu tana zama tana cewa, “Wayyo gwiwata!” Da munka kai bisa, rana ta fara fitowa. Kwarin ya shimfiɗe ƙasa gare mu, gawo ya yi ganye shar kamar yadda ya saba da rani, ga goriba tsaitsaye, ga hayaƙin girki yana tashi daga garuruwa, ga shanu an kora su rijiya.

Na gaya mata abin da malamin yaƙi da jahilci ya koya muna: wannan kwarin tsohon kogi ne. A zamanin da, ruwa yana tasowa daga Azawak can arewa, ya biyo ta Filinge, Bankuku da Balleyara, ya je ya faɗa kogin Isa wajen Bumba, shi kuma Isa ya kai shi har teku a Najeriya. Na ce, “To kin gani, inda kike tsaye gaɓa ce. Ruwan bai tahi duka ba, ƙasa ya shige.” Ta yi dariya ta ce sai ta gani da idonta.

Ba a jima ba ta gani. Da munka sauko, munka bi ta garkar matan wani gari maƙwabcinmu. Rijiyarsu ba ta da zurfi, in ka leƙa kana ganin fuskarka. Salati, kabeji, tumatir, albasa, zogale, kowace mace da fangalinta. Shugabarsu, wata dattijuwa, ta shimfiɗa muna tabarmar kaba, ta sa anka kawo dambun zogale da ƙuli-ƙuli. Ƙawata ta ci har tana lasar hannu.

Ni kuwa tambaya na shiga yi. Na ce, “Inna, da mi kunka fara?” Ta ce da kuɗin asusu. Shekara guda sunka hana kansu rabo, sunka gina rijiyar siminti, sunka sayi waya ta shinge. Ba ta ɓoye mani wahalar ba. Shekarar farko awaki sunka shiga ta inda shingen bai kai ba, sunka cinye rabin kabejin. Shekara ta biyu mai filin ya ga wurin ya yi kyau ya ce yana son abinshi, ga shi babu takarda, da baki anka yi aron. Sai da sunka koma wani fili, rijiyar farko ta zama tashi. Ta kama hannuna ta ce, “Ɗiyata, kada ku zuba ko dala guda cikin ƙasar da ba ku da takardarta. Ku je wurin maigari da kwamitin filaye, a rubuta shekara nawa, a sa hannu gaban shaidu.”

Wajen hantsi munka samu motar kasuwa zuwa Filinge. Kasuwar Lahadi ta cika: Buzaye da raƙuma, Fulani da nono, Zabarmawa, da mu Kurfayawa. Ƙawata ta tsaya kallon jajayen shanun Azawak, irin waɗanda ake kiwo a Tukunus, ta sayi cuku da tabarmi biyu na tsaraba. Mun ga dankalin turawa na Bankuku buhu-buhu. Abin da na lura da shi, kafin azahar masu salati da tumatir sun kusa saida kayansu, kuma mata ne da yawansu. Mun so mu wuce Tukunus, amma kun san halin da ake ciki, ba a son dare ya riski mutum a hanya. Da la’asar muna gida.

A mota ta yi shiru, can ta ce, “Ƙawa, shekara 22 ina bakin teku, ban taɓa shuka ko albasa da ruwanshi ba, gishiri ne.” Amma ta ƙara da cewa ita ba za ta iya jan guga safe da marece ba. Wannan ma gaskiya ce, garka aiki ce.

Yanzu ga maganarmu. Mu 28 ne, kowace tana zuba dala 50 a mako, wato jaka 7 ke shiga akwati kowace Alhamis. Tun da anka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi cikin 1991, abin da anka saba shi ne a raba in shekara ta cika, kuma na san akwai masu jiran rabon bana don auren ɗiya, akwai masu bashin hatsi. Ba zan ce kowa ta haƙura ba. Abin da nake roƙo, mu duba ko za mu raba rabi mu bar rabi, mu fara da neman fili da takardarshi kafin maganar rijiya. Dattijuwar nan ta yarda ta zo taronmu na Alhamis ta biyu ta amsa tambayoyi. Kowace ta shawarci maigidanta, ta zo da abin da ke ranta, har wadda ba ta yarda ba.

Ƙawata ta koma ran Talata. Ta bar mani jaka 5 ta ce in an tashi sayen waya a sa da ita, in ba a tashi ba in saya wa tsohuwarta gero. Suna nan ƙulle a bakin zanena har ranar taro. Allah ya kai mu lafiya.