Kafin ka zaɓi alƙalamin feshi, fara duba iskar da za ta tuƙa shi



A cikin jama'armu ta nan Legas akwai mu 'yan tsiraru masu wata sha'awa da ba kowa ya san da ita ba. Muna haɗa ƙananan samfuran motoci da jirage da tankokin yaƙi na roba, da 'yan mutum-mutumin da ke zuwa tare da su, sannan mu yi musu fenti har su fito kamar na gaske. Wasunmu ɗaliban zanen gine-gine ne da karatu ya sa su haɗa samfurin gida, wasu kuma abin hutun ƙarshen mako ne. Akwai waɗanda ba sa taɓa siffar mutum, sun tsaya ga motoci da jirage. Kayan aikin dai iri ɗaya ne.

Kwanan nan matasa da iyayen da 'ya'yansu suka matsa wa lamba sun yi ta kawo mana tambaya ɗaya: wane alƙalamin feshi za a fara saya, wato abin da masu sayarwa ke kira eyaburosh, kuma da wane kwamfiresa? Kuɗin ba kaɗan ba ne, kusan duk kayan daga waje ake shigo da su, kuma wanda ya sayi abin da bai dace ba yakan yi fushi ya watsar da aikin gaba ɗaya. Amsarmu a taƙaice ita ce a fara da iska. Alƙalami matsakaici da iska mai kyau zai yi aiki. Alƙalami mai tsada da iska mai tsinkewa ko mai ruwa ba zai yi ba.

Bari mu fara da girman abin da ake fesawa. A ma'aunin 1/35, wanda aka fi yin sojoji da tankoki da shi, mutum mai tsawon santimita 175 yakan dawo santimita 5. A ma'aunin 1/72 bai kai santimita biyu da rabi ba. Abu mai wannan ƙanƙanta, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata masa fuska. Iskar da yake so kuwa 'yar kaɗan ce, tsakanin PSI 15 zuwa 25 a geji, amma wadda ba ta rawa. Shi ya sa kwamfiresan mai faci ko na masu fentin mota ba shi ne na wannan aiki ba. Ƙarfinsa ya wuce buƙata, da yawansu suna turo mai a cikin iskar, ga ƙarar da babu maƙwabcin da zai jure.

A ɗaya gefen kuma akwai 'yan ƙananan da ake sayarwa a shagunan kayan kwalliya, da masu caji irin na hannun masu aski. Suna da araha, kuma suna yin aikin da aka yi su dominsa. Sai dai ba su da tanki, iskarsu na fitowa a tsittsinke, yawancinsu ba a iya saita su daidai, kuma suna zafi idan aiki ya yi tsawo. Arha ba ta ado.

Abin da muke nuna wa mai farawa shi ne ƙaramin kwamfiresa mai fistin wanda ba ya shan mai, mai ɗauke da tanki. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne samfurin AS-186 na ƙasar Sin, ana sayar da shi da sunaye daban-daban. Tankinsa lita 3 ne. Yana cika tankin ya kashe kansa, iska ta ragu ya sake tashi. Amfanin tankin biyu ne. Iskar tana fitowa sumul, kuma injin yana samun hutu, saboda haka ba ya zafi da wuri kuma ƙararsa ba ta ɗorewa. Duk wanda ke zaune a gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna ya san darajar wannan. Ba ya cin wuta kamar dutsen guga, ƙaramin janareta ko inbata na ɗaukarsa.

Abu uku za ka duba a jikinsa kafin ka biya. Na farko regileta mai geji, don ka riƙa saita ƙarfin iska. Na biyu 'yar kwalbar nan mai tare ruwa da ke ƙarƙashin regileta. Iskar Legas cike take da laima, musamman da damina, kuma idan aka matse iska mai laima sai ta zubar da ruwa a cikin tanki da tiyo. Idan babu abin tare shi, kana tsakiyar feshi alƙalami zai tofa maka ruwa a kan aikin kwana uku. Mu har ƙarin wata 'yar ƙarama muke ɗaurawa a gindin alƙalamin, kuma muna kwance notin da ke ƙasan tanki lokaci-lokaci mu zubar da ruwan da ya taru, don kada tankin ya yi tsatsa. Na uku kuma wuta. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Idan tokumbo ne, ko wani ɗan uwa ne zai aiko maka daga can, karanta abin da aka rubuta a jikin injin. Na Amurka idan aka jona shi kai tsaye ƙonewa zai yi.

Sai shi kansa alƙalamin. Akwai mai madanni da ke sakin iska da fenti lokaci ɗaya, akwai kuma mai aiki biyu: ka danna ƙasa iska ta fito, ka ja baya fenti ya biyo, gwargwadon jan da ka yi. Ɗauki mai aiki biyu tun farko. Kwana biyu zai ba ka wuya, daga nan yatsa ya saba. Ka kuma zaɓi mai ɗan kofi a sama, domin fenti na gangarowa da nauyinsa, ba ya buƙatar iska mai ƙarfi, kuma ɗigo huɗu ko biyar ma za ka iya zubawa ka yi aiki. Mai kwalba a ƙasa na manyan wurare ne, kuma yana cin fenti.

Maganar allura ce ke ruɗa mutane. Sabon shiga yakan ɗauka tunda abin ƙarami ne, allura mafi siriri ce ta dace, sai ya nemi mai milimita 0.2. Ita kuwa saurin toshewa gare ta idan hannu bai iya dama fenti ba, ga saurin lanƙwashewa. Mai 0.3 zuwa 0.5 ta fi dacewa da mai koyo. Dalilin shi ne aikin da alƙalamin zai yi maka a kan ɗan soja mai santimita 5 shafin farko ne, da launin kaki, da inuwa, da shafin kariya na ƙarshe. Akwai dabarar da muke so ƙwarai: a fesa baƙi ko'ina, sannan a fesa fari daga sama kawai, sai haske da inuwa su fito kamar rana ce ta sauka a kansa. Ido da maɓalli da igiyar bindiga kuwa har gobe da ɗan siririn buroshi ake yin su.

Sunayen da za ka ji ana ambata su ne Iwata na Japan, Badger na Amurka, da Harder & Steenbeck na Jamus. Iwata Eclipse HP-CS allurarsa 0.35 ce, Badger Patriot 105 kuma 0.5, dukansu masu farawa na jin daɗinsu. Idan ka ɗauki Badger, ka haɗa da adafta, domin bakinsa bai shiga tiyon da ke zuwa da yawancin kwamfiresoshi. Amma tambayar da ta fi suna muhimmanci ita ce, idan allura ta lanƙwashe ko bakin feshin ya tsage, ina zan samu wani, kuma cikin kwana nawa? Su biyun nan dole wata rana su lalace. Sayi na ajiya tun ranar farko. Idan kuɗi bai kai ba, ɗauki alƙalamin Sin mai araha ka koyi aiki da shi, ka zuba sauran a kwamfiresa. Ka dai lallaɓa bakinsa, domin ɗan mitsitsi ne da ake murɗawa, ɗaurewa da ƙarfi na karya shi. Alƙalami za ka iya canzawa baɗi, kwamfiresa mai kyau zai bi ka shekaru.

Kada ka ƙarar da kuɗin duka a kan waɗannan biyun. Ana buƙatar fenti irin na Vallejo ko Tamiya, kowanne da ruwan tsinka shi na kamfaninsa. A dama shi ya yi kaurin madara. Idan ya kai kunu ba zai wuce ba. Da hunturu fenti na bushewa a kan tsinin allura, sai ka riƙa gogewa. Wankewa kuma bayan kowane zama ne, ba sai gobe ba.

Na ƙarshe, kuma da iyaye muke: huhu. Fentin da aka fesa yana zama ƙura mai laushi da ke yawo a ɗaki. Takunkumin yadi ba ya tare ta. Ga fentin ruwa a nemi takunkumi irin N95, ga fenti mai warin tina kuwa sai mai gwangwanin tace tururi. A yi aiki kusa da taga, cikin babban kwali, da fanka mai fitar da iska waje, kuma kada a yi a ɗakin da jariri ko mai asma ke kwana. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ke da niyya, kafin ya fitar da ko kwabo, ya nemi ɗaya daga cikinmu ya riƙe alƙalamin a hannunsa, ya fesa a kan takarda, ya ji ƙarar injin da kunnensa. Gani ya kori ji. Allah Ya sa albarka a abin da za a kashe.