Takin tana da ramar bayan gidana

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye kusa da gulbin Maradi. Bara igiyar gugana ta tsinke sau 3. Ta roba ce, rana ke cinye ta. Sai na ce zan shuka rama kamar yadda baba ke yi. Amma ƙasar bayan gidana ta gaji, takin zamani kuma ya fi ƙarfin aljihuna.

Malamin gona ya ce in sa tana, tsutsar ƙasar nan, ta yi mini taki. Da na faɗi haka a aji, wani dattijo ya ce: "Malam, mutane na kiwon awaki, kai kuma tsutsa?" Kowa ya yi dariya.

Karon farko na yi ɓarna. Na zuba ɗanyen kashin shanu a tsohuwar randa, na sa tana ciki. Kashin ya ɗau zafi, duk suka mutu. Ban gaya wa kowa ba.

Da kaka na sake. Na bar kashin ya yi sati 3 har ya huce, na gauraya shi da busasshen ganye da ɓawon gyaɗa. Na huda gindin randar, na aje ta inuwar dogon yaro. Tanar da ke ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye a fadama na ɗebo, don ita ce mai cin shara. Na rufe da tsohon buhu saboda kaji. Wahalar ita ce ruwa. Danshi take so, ba laka ba: ka matse da hannu, ɗigo 1 ko 2 ya fito. Maiɗakina ta yi ta mita, don rijiyarmu da nisa.

Bayan wata 3 na kwashe baƙin taki mai ƙanshin ƙasar ruwan farko. Ba shi da yawa. Ba zai ishi gonar hatsi ba, amma ya ishi kunya 4 na rama.

Da damina ta faɗi na shuka kusa-kusa, don rama ta miƙe ba reshe. Kunya 1 na bari ba taki. Ta tsaya mini a ƙirji, sauran sun wuce kaina. Da ta fara fure na yanke, na jiƙa a tabki kwana 12, na saɓe ɓawon, na tuƙa igiya.

Ran kasuwa dattijon nan ya zo. Ya taka igiyar, ya ja da ƙarfinsa. Sai ya ce: "Malam, randar nan taka, da sauran tsutsa ciki?"